Yadda Mata da Miji Za Su Shirya Hutun Kwana Biyu a Elmina

Duk wanda ya yi zaman aure a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango na Akra, ko kuwa a Aboabo da Asawase na Kumasi, ya san cewa Asabar da Lahadi ba ranakun hutu ba ne a wurinmu. In ba ɗaurin aure ba to suna, in ba suna ba to addu'ar bakwai ko ta arba'in, kuma a kowace hidima akwai wanda zai riƙe mutum a zuci idan bai ga ƙeyarsa ba. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda ɗaki yake jingine da ɗaki, mata da miji sukan shafe watanni ba su yi hirar awa guda cur ba, domin ko wani ya yi sallama ko yaro ya fashe da kuka. Wanda yake son ya keɓe da iyalinsa na ɗan lokaci dole ne ya fita daga garin gaba ɗaya, kuma a cikin wuraren da ake iya zuwa ranar Juma'a a dawo ranar Lahadi ba tare da an jigata ba, ban ga wanda ya kai Elmina ba.

Garin yana bakin teku a Yankin Tsakiya na Ghana, kimanin kilomita 12 yamma da Cape Coast. Daga Akra tafiyar kimanin kilomita 160 ce, daga Kumasi kuwa ta haura 200. Mutanen garin Fante ne, suna kiran garinsu Edina, kuma babbar sana'arsu kamun kifi ce da yin gishiri a gefen tafkin Benya. Na fifita shi a kan Cape Coast wajen kwana domin Cape Coast babban birnin yanki ne, mai jami'a da manyan makarantun kwana da cunkoson ababen hawa, alhali Elmina ƙaramin gari ne da mutum zai iya zagaye tsakiyarsa da ƙafa a safiya ɗaya, kuma da zarar an fita daga cikinsa ta yamma sai gaɓar teku mai itatuwan kwakwa da ƙananan ƙauyukan masunta.

Kafin a shiga batun mota da masauki, akwai abin da ya kamata ma'aurata su daddale tun suna gida, domin a kansa sauran shirin zai tsaya. Yawancin masu zuwa wannan yanki suna rubuta jerin wurare ne su bi su a guje: tsohon sansanin Turawa na Elmina da safe, na Cape Coast da rana, dajin Kakum da la'asar, sannan su dawo masauki ƙafafu sun kumbura, kowa ya faɗi ya yi barci. Wannan tsari ne na 'yan makaranta da malaminsu. Ku da kuka bar 'ya'ya da kasuwa da hidimar dangi domin ku samu juna, ku ware wa yawon gani da ido rabin yini ɗaya kawai, sauran lokacin kuma ku bar shi da gangan babu komai a cikinsa.

Zaɓen lokaci

Babbar damina a wannan gaɓa tana kankama ne daga Afrilu zuwa Yuni, kuma Mayu da Yuni su ne suka fi ruwa, lokacin da teku yake tashi da ƙarfi, hanyoyin ƙasa da suke shiga masaukai kuma su cika da taɓo. Agusta yana da daɗin zama, domin rana ba ta da zafi, ruwan sama ya ja baya, kuma lokaci ne da masunta suke samun kifi da yawa. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris akwai zafi, amma gari a bushe yake kuma baƙi sun ragu. Disamba ne watan da nake ba da shawarar a guje masa, saboda tun shekarar 2019, da gwamnati ta gayyaci jikokin bayi na Amurka da sauran ƙasashe su dawo su ga tushensu, ƙarshen shekara ya zama lokacin cika maƙil a Cape Coast da Elmina, kuɗin ɗaki ya hau, kuma sai an yi layi kafin a shiga sansanin. Haka ma Litinin ta Ista da ranar 6 ga Maris ta bikin 'yancin kai, inda motoci suke kwaso jama'a da lasifika zuwa bakin teku.

A kula da bukukuwan gargajiya guda biyu. Bakatue na Elmina ana yin sa ne a Talatar farko ta watan Yuli, ranar da ake buɗe tafkin Benya ga masunta bayan an hana kamun kifi a cikinsa na wasu makonni, kuma shagalin yakan kai har ƙarshen wannan mako. Fetu Afahye na Cape Coast kuma yana kai ƙololuwarsa ne a Asabar ta farko a watan Satumba. Dukansu abin kallo ne ga mai son ganin sarakuna a cikin ado da jerin gwanon ƙungiyoyin Asafo, wato rundunonin mayaƙan gargajiya na Fante, sai dai wanda ya zo neman shiru ba zai same shi a waɗannan makonni ba.

Bayan an duba kalandar gari sai a duba ta dangi, wadda ta fi wuyar sha'ani. A tambayi manya ko akwai auren da aka sa rana ko addu'ar da take tafe, a zaɓi makon da ba na jiki ba ne, sannan a tsaya a kansa. Ba za a taɓa samun Lahadin da babu hidimar kowa a zango ba, saboda haka wanda yake jiran irin wannan rana ba zai tafi ko'ina ba. Idan hidima ta faɗo bayan an riga an kama ɗaki, a aika gudummawa tun kafin ranar, a je a yi gaisuwa bayan an dawo.

Sallamar gida

Kunya takan sa wasu su ƙirƙiro dalilin tafiya, su ce za su duba mara lafiya ko za su sayo kaya. Wannan ba ya ƙarewa da kyau, domin hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya tona asiri. Ya fi mutunci maigida ya je da kansa wurin mahaifiyarsa, ya durƙusa ya ce, “Mma, muna so mu je Elmina mu ɗan huta kwana biyu, ki sa mana albarka,” sannan ya yi haka ga surukansa idan suna kusa. Yara kuma a kai su wurin kaka ko gwaggo tun daren Alhamis, tare da kuɗin cefanensu da magungunansu da kayan makarantar allo, kada a bar wa mai riƙon ɗawainiyar da ba ta shirya mata ba. Jaririn da yake shan nono kaɗai ne ke da ikon bin iyayensa. Ƙanwar amarya da take cewa ita ma ba ta taɓa ganin teku ba, a yi mata alkawarin wani lokaci.

Mai mata fiye da ɗaya yana da ƙarin aiki. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ko an yi ƙuri'a ko an bi girma an fara da uwargida, abin da zai kashe wutar tun ba ta tashi ba shi ne a sanar da ranar tafiyar ɗayar a lokaci guda, kuma kada masaukin wata ya fi na wata daraja.

Kuɗi da masauki

A raba kuɗin tafiya kashi biyar, wato mota, masauki, abinci, kuɗin shiga wurare da tsaraba, sannan a ajiye wani abu a gefe wanda ba a taɓa shi sai ta ɓaci. Masauki ne zai cinye kaso mafi girma, kuma a nan ne bai kamata a yi ƙwauro ba, tun da yake a cikinsa za ku yi yawancin zamanku. Gara a rage kwanaki ko a hau motar haya maimakon shata, da a kama ɗakin da fankarsa take ƙara, banɗakinsa kuma yana waje. Wanda albashinsa bai kai ba, ya shiga adashi na 'yan watanni da niyyar wannan tafiya, kuma ya fi kyau matar ta san da shi.

Gaskiyar da masu talla ba sa faɗa ita ce tsakiyar Elmina gari ne na masunta, yana da ƙarnin kifi da hayaƙin banda, kuma gaɓar da take kusa da kasuwa ba wurin shimfiɗa tabarma ba ce. Saboda haka a nemi masauki a wajen gari, ko dai a kan hanyar da ta haɗa shi da Cape Coast, ko kuma ta yamma wajen Ankwanda, Brenu Akyinim da Ampenyi, inda yashi yake da tsabta, dare kuma ba a jin komai sai teku. Aibin yamma shi ne nisa, domin tasi ba ta yawan shiga bayan magariba, don haka a karɓi lambar direba ɗaya tun ranar isowa a yi ciniki da shi.

Kada a dogara da hotunan intanet kaɗai. A buga waya a yi magana da mutum, a roƙe shi ya ɗauki bidiyon ainihin ɗakin da za a ba ku ya turo, sannan a yi masa tambayoyin da suka fi kyan gado muhimmanci: ko suna da janareta idan an ɗauke wuta, ko famfo yana zuba dare da rana, ko tagogi suna da ragar sauro, ko ɗakin yana nesa da mashaya. Tambaya mafi amfani ita ce ko an kama wurin domin biki ko taron coci a wannan Asabar, domin yawancin masaukan bakin teku da irin waɗannan taruka suke samun kuɗi, kuma kiɗansu yakan kai tsakar dare. Idan za a tura kafin alƙalami ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a tabbatar sunan da ya fito ya dace da na masaukin, a biya na dare ɗaya kawai, sauran sai an gani da ido.

Kaya kaɗan sun isa. A ɗauki buta da sallaya, domin ba kowane masauki ne yake da su ba, da maganin sauro, da takalmi mara tsini saboda daɓen dutse da matakala, da Ghana Card, tun da 'yan ƙasa suna biyan kuɗin shiga ƙasa da na baƙi. Iskar teku tana da ƙarfi, mayafi mai santsi ba ya zama a kai sai da fil. Lalle da kitso a gama su tun Laraba ko Alhamis, humra da turaren wuta kuma ba sai an tuna wa uwargida ba. Maigida ne yake bukatar tuni cewa shi ma ya je wurin wanzami, ya ɗauko kaftanin da take so, ya ɓoye wata 'yar kyauta a ƙasan jaka.

Hanya

Mutanen Akra suna da maƙiyi guda, wato cunkoson da yake farawa daga Mallam ya bi ta Weija har ya wuce Kasoa da Buduburam. Wanda ya tashi ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a zai iya shafe awa biyu bai fita daga wannan yanki ba, ya isa Elmina cikin dare da ɓacin rai. Mafita ita ce a nemi hutun Juma'a a tashi bayan sallar asuba, a wuce Kasoa kafin gari ya waye sosai, a bi ta mahaɗar Winneba da Mankessim da Saltpond da Anomabo, a isa Cape Coast da hantsi cikin awa uku ko ɗan fiye. Sai a yi sallar Juma'a a babban masallacin da yake wajen kasuwar Kotokuraba, a ci abinci a zango, a ƙarasa Elmina lokacin da ɗaki ya zama a shirye. Marasa mota su je tashar Kaneshie, su zaɓi mota mai sanyi wadda ta kusa cika. Daga Cape Coast zuwa Elmina tasi ce ta haɗaka, tafiyar ba ta wuce rabin awa.

Mutanen Kumasi za su bi ta Anwiankwanta da Fomena, su haye kogin Pra a Praso, su wuce Assin Fosu su fito Yamoransa, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. A kan wannan hanya ne Assin Manso yake, inda akwai rafin da ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku. Wanda yake da motar kansa zai iya tsayawa, amma ina ganin a bar shi sai a dawowa.

Nisan tafiyar ya wuce wanda ake yin kasaru a cikinsa, kuma zaman kwana biyu bai fitar da mutum daga hukuncin matafiyi ba. Gano alƙibla ba wuya a wannan gaɓa: idan mutum ya tsaya teku yana hannunsa na dama, yana kallon wajen Akra, to ya fuskanci gabas da ɗan karkata zuwa arewa, kuma alƙibla ke nan a kusance.

Yammacin Juma'a ba shi da wani shiri. A yi wanka, a huta, a fito bakin ruwa bayan la'asar, a tuna cewa rana tana faɗuwa ne wajen ƙarfe shida a kowane wata na shekara kuma duhu yana biyo ta da sauri. Waya a kira gida da ita sau ɗaya bayan magariba a ji lafiyar yara, sannan a kashe data. Maganar kuɗin makaranta da na haya da abin da dangin miji suka ce, duk a ɗage ta zuwa safiyar Lahadi, domin in aka buɗe ta a daren farko ita za ta cinye sauran kwanakin.

Safiyar Asabar

Tsohon sansanin Turawa da yake kan dutse a bakin tafkin Benya shi ne dalilin da ya sa duniya ta san Elmina. Turawan Fotugal sun iso wannan gaɓa a 1471 suna neman zinariya, suka gina shi a 1482 a ƙarƙashin jagorancin Diogo de Azambuja, kuma babu ginin Turawa da ya girme shi a Afirka kudu da Sahara. Turawan Holan sun ƙwace shi a 1637 bayan sun hau tudun da yake fuskantarsa sun yi masa ruwan igwa, suka riƙe shi har 1872 da suka miƙa wa Ingila. A tsakanin waɗannan shekaru cinikin zinariya ya koma cinikin mutane, ɗakunan ajiyar kaya na ƙasa suka zama kurkukun bayi. Shekara guda bayan karɓarsa, a 1873, Turawan Ingila suka ƙone tsohon garin da yake jikin sansanin, suka kai sarkinsa Kobina Gyan gudun hijira Saliyo, shi ya sa filin da yake gaban ginin ya zama fayau har yau. Mutanen Kumasi za su so su ga ɗakin da aka tsare sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo sannan tsibiran Seshel. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa wannan gini da sauran irinsa na gaɓar Ghana cikin wuraren tarihi na duniya.

A je da wuri, da zarar an buɗe wajen ƙarfe tara, kafin motocin 'yan makaranta su iso. A bakin ƙofa akwai samari da za su tambayi sunanku cikin fara'a, in kun fito ku tarar sun rubuta shi a jikin ƙwaryar dodon koɗi suna neman kuɗi. Wanda ba ya so ya gaishe su ya wuce ba tare da ya faɗi suna ba. A ciki za a haɗa ku da jagora, zagayen kuma yana ɗaukar kimanin awa ɗaya.

Ya kamata ku san abin da za ku tarar. Za a shigar da ku kurkukun mata, a nuna muku barandar da gwamna yake tsayawa ya zaɓi wadda za a wanke a hau da ita ɗakinsa ta wata matakala. Za ku ga cocin Fotugal a tsakiyar fili, wanda Turawan Holan suka mayar wurin ciniki, da ɗakin da aka zana ƙoƙon kai a saman ƙofarsa, inda ake kulle wanda ya yi tawaye har ya mutu, da 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da mutane ɗaya bayan ɗaya zuwa jirgi. Mu mutanen zango ba 'yan kallo ba ne a wannan labari, domin da yawa daga cikin waɗanda aka sayar daga arewa aka koro su, kuma kasuwar Salaga, inda fatakenmu suke sayen goro, kasuwar bayi ce kuma. Wurin yana sa mutum ya yi shiru, wasu har kuka suke yi, kuma ba wurin ɗaukar hoton masoya ba ne. Shi ya sa nake cewa a shiga da safe, a yi wa waɗanda suka mutu a ciki addu'a, a bar wa zuciya sauran yini ta sauka. Shi ya sa kuma ban ga amfanin haɗa shi da na Cape Coast a rana ɗaya ba, taura biyu ba ta taunuwa. Na Cape Coast, wanda Turawan Suwidin suka fara a 1653 kuma ya zama mazaunin mulkin Ingila har aka mayar da babban birni Akra a 1877, yana nan yana jiran wata tafiyar.

Da an fito sai a tsaya a kan gadar Benya. A ƙarƙashinta ne jiragen masunta suke shiga da fita, ɗaruruwansu, kowanne da tutoci da fenti da rubutun addu'a a jikinsa, mata kuma suna jira da manyan kwanoni a bakin ruwa. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, gaisuwa da Twi ma tana wadatarwa, tun da Fante suna jin sa. Daga nan a hau tudun da ƙaramin sansanin St. Jago yake, wanda Turawan Holan suka gina a shekarun 1660 domin kada wani ya yi musu abin da suka yi wa Fotugal. Hawan yana da ɗan tsayi amma gajere ne, kuma daga sama ana ganin garin duka, da tafkin, da filayen gishiri, da teku. Idan ƙarfi ya rage, a bi cikin unguwa a ga gine-ginen ƙungiyoyin Asafo masu mutum-mutumi, da maƙabartar Holan ta 1806, da tudun Java, inda tsofaffin sojoji suka zauna bayan sun dawo daga Indonesiya. Tsakanin 1831 da 1872 Turawan Holan sun ɗebi mutum kusan 3,000 ta Elmina zuwa yaƙe-yaƙensu na can, da yawansu 'yan arewa ne. Kafin azahar ya kamata a ce an gama an koma masauki.

Batun abinci a bakin teku mai sauƙi ne, domin kifi ya raba gardama. Gasasshen kifi da banku, ko dokunun Fante da soyayyen kifi da shito, ko miyar kifi da manja da ake kira fante-fante, duk babu shakku a cikinsu, sai dai a tambaya ko a man da aka soya wani nama aka soya kifin. Wanda ya matsu da nama ko tuwo ko waakye ya shiga zango, domin Elmina da Cape Coast duk suna da nasu, kuma Hausawa sun daɗe a nan, tun sojojin da Turawan Ingila suka kawo daga Legas a farkon shekarun 1870. Abincin daren Asabar a yi odarsa tun da rana, a roƙi a ajiye muku tebur a waje nesa da lasifika, domin girkin masaukai yana ɗaukar lokaci kuma yunwa ba ta barin hira ta yi daɗi.

Teku kuwa a ji tsoronsa. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana da jan da yake ɗauke ƙafar mutum daga ƙasa ko da ruwan bai wuce ƙugu ba, kuma yawancin wurare babu mai ceto. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa yake taɓa idon sawu, maigida kuma kada ya ce zai nuna bajinta a gaban iyali.

Lahadi da komawa

Mutane da yawa za su tambaye ku ko kun je Kakum. Dajin yana kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, kuma gadojinsa bakwai na igiya, da aka buɗe a 1995, suna rataye ne a tsakanin manyan itatuwa a tsayin da ya kai mita 30 zuwa 40. Yana da kyau ƙwarai ga ma'auratan da ba sa jin jiri, kuma safiyar Lahadi ce lokacinsa, sa'ad da jama'a suke coci. Amma zuwa da hawa da dawowa za su ci rabin yini, ga mai juna biyu ko mai ciwon gwiwa kuma bai dace ba sam. A ganina, a tafiyar farko, karin kumallo a natse da doguwar tafiya a kan yashi sun fi shi amfani, kuma a nan ne wurin maganganun da aka ɗage tun daren Juma'a, lokacin da kowa ya huta zai iya sauraron ɗan'uwansa.

A bar masauki kafin azahar. Mutanen Akra suna bukatar su wuce Kasoa kafin ƙarfe huɗu, lokacin da masu dawowa daga jana'iza da bukukuwa suke cika hanya, mutanen Kumasi kuma kada su bari dare ya same su a dajin Assin da Adansi, inda manyan motoci suke da yawa kuma fitila ta yi ƙaranci. Tsaraba a fara da bandar kifi daga kasuwar Elmina, a yi ciniki da matan da suke banda da kansu, a zaɓi wanda ya bushe sosai. A mahaɗar Yamoransa, wadda duk hanyoyin biyu suke bi ta cikinta, ana sayar da dokunun Fante a naɗe da busasshen ganyen ayaba, kuma yana yin kwanaki bai lalace ba. Masu komawa Akra za su tarar da abarba mai zaƙi a bakin hanya wajen Ekumfi, bayan an wuce Mankessim. A ware kason wadda ta riƙe yara daban, ya fi na kowa yawa, a biya ta gidanta kafin a isa gida, sannan na iyaye da na maƙwabtan tsakar gida. Kifin kuma a naɗe shi da takarda a sa a kwali, kada a ɗaure shi a leda ya yi gumi, a ajiye shi a but ɗin mota nesa da jakar tufafi.